Irin Albasar Kakanka

Aliero, ranar Talata

Ɗana Naziru,

Sallama da fatan alheri. Muna lafiya, ban da gwiwoyina da sunka yi ritaya ba su shaida mani ba.

Takardarka ta iso daga Italiya. Tambaya guda na yi maka: yaushe za ka dawo? Sai ka aiko mani tarihi shafi uku. Wai garin da kake tsibirai ne anka haɗa da gadoji, titunansu ruwa, kakanninsu sun yi yaƙi kan gishiri har anka ƙone garin, kuma suna cin kifi mai kamar maciji. Ni da anka kora daga aji huɗu, yau na san tarihin Turawa. Uwarka Iyatu ta ce in tambaye ka ko macijin halal ne.

Ga maganar. Fadama ta fi ƙarfina. Tukur maƙwabci zai karɓe ta, shi kuwa irin kanti yake shukawa. Irin albasar da kakanka ya zo da shi daga Sarandosa, shekara arba'in ina ɗebe shi da hannuna, ban so ya ƙare a kaina. Na ga hotonka, ruwa ta ko'ina. Na ba Abdulwahab direba irin ya kai wa mai zuwa wajenku. Ka shuka.

Mahaifinka, Jibrin

*

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi, a gaishe da Inna. Kifin halal ne.

Iri ya iso. Na yi fangali uku bayan ma'aikatar kifin da nake aiki. Ya tsiro da kyau, sai ya yi ɗorawa, cikin sati uku ya mutu duka. Wata tsohuwa ta ɗebo ƙasar ta ce in lasa. Gishiri ne, Baba. Ta ce gonakin nan dā ƙasan ruwan teku ne, a zamanin ubanta aka janye ruwan da injin.

Takarduna ba su fito ba. In na taho yanzu, ba ni da hanyar komawa. Ku yi mani haƙuri. Ai akwai sauran irin a gida?

Ɗanku, Naziru

*

Naziru,

Sallama. Saura cikin gwangwanin tumatir guda. Sauran duk na aika maka. Mutumin Aliero in ya ga ruwa, fadama ya gani, bai tambaya ko na miya ne. Ka rubuta gishiri a shafi na biyu, ni kuwa ina can ina kallon hoto.

Tukur ya karɓi fadama jiya. Na yi fangali guda bayan ɗaki, inda zan iya ban ruwa daga zaune.

Albasar nan sati uku ta yi a can ta ce ba ta iyawa. Kai shekara shida. Ban ce komi ba.

In ta bayan ɗaki ta yi iri, zan ɗaure shi a rataye. Ba ni ƙara ba direba. Mai so ya zo ya kwance.

Allah shi tsare.

Jibrin