Kada a Kankare Jitar Baba

Yaya Manu,

Gaisuwa mai yawa daga Paraku. Ina fatan Inna da Kubura da yara suna lafiya. Ni ma lafiya lau, aiki yana tafiya.

Haliru direba ya ce mini za ka kai tsohuwar jitar lantarki ta Baba wurin kafinta a Lolo, a kankare wuyanta, a yi mata fenti irin na sabon samfuri. Don Allah kada ka yi.

Jita sabon samfuri nake kaɗawa a nan. Sun rage kaurin wuyan, sun matsar da maɓallin ƙara murya, hannuna kuma da ta Baba ya saba. Sau biyu shugaban makaɗanmu yana zaunar da ni ana tsakiyar biki. Ya ce na uku sallama ce. Muna da biki ranar Asabar. Kada Inna ta ji wannan.

Ka naɗe jitar Baba a bargo ka ba Haliru ranar kasuwa ya kawo mini. Wurin da kake gani ya koɗe, yatsun Baba ne suka cinye shi, nan nake aza nawa.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanenka,
Sufyan