Rasuwar Goggo Lamba Ba Ta Rufe Fayil Ɗin Mahaifinta Ba

Cikin alhini mai nauyi, da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Kwamitin Zartarwa na Ƙungiyar Magadan Tsofaffin Sojoji yana sanar da mambobinsa, da 'yan uwa da abokan arziki, da jama'a baki ɗaya, cewa ya samu labarin rasuwar Uwar Ƙungiya, Shugabar Kwamitin Amintattu, mai katin zama mamba na farko, Hajiyarmu kuma Malamarmu, wadda manya da yara suka fi sani da Goggo Lamba. Allah Ya karɓi ranta da hantsin Laraba, a ɗakinta, tana da shekara tamanin da ɗaya, bayan jinyar da ba ta kai mako uku ba. Ta bar 'ya'ya huɗu da jikoki goma sha tara. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Marigayiya tana da shekara biyu aka ɗauki mahaifinta aikin soja, aka tafi da shi yaƙi, bai kuwa dawo ba. Abin da ya dawo takarda ce guda, mai cewa ya gudu daga bakin daga, don haka an soke sunansa. Mahaifiyarta, wadda ɗinki ne sana'arta, ta sa aka karanta mata takardar sau biyu, sannan ta cusa ta cikin murhu, ta ce mutumin da ta aura ba ya gudu ko daga kare, balle daga maza 'yan uwansa. Takarda ta ƙone, amma maganar ba ta ƙone ba. Da ita aka riƙa yi wa marigayiya gori a makaranta, da ita kuma dangin wani manemi suka janye jiki lokacin da ta isa aure. Ta haɗiye, ta yi karatu, ta yi shekara talatin da ɗaya tana buga tafireta a ofishin rajista na kotu, inda ta ga da idonta yadda kuskuren akawu guda yake bin mutum har kabari.

Ranar da ta yi ritaya ba gida ta nufa ba. Ofishin adana takardun soja ta wuce, da hoton mahaifinta guda ɗaya a jakarta, wanda ya koɗe har ba a rarrabe fuskar da hular. Akawun da ta tarar ya shaida mata cewa a nan ba a neman soja da suna, sai da lambarsa, ga shi kuwa lambar ta tafi tare da takardar da aka ƙona. Shekara huɗu ta yi tana bin tsofaffin sojoji gida gida, har ta dace da wani dattijo makaho da suka yi kurtu tare da mahaifinta. Dattijon ya manta sunayen jikokinsa, amma bai manta lambarsa ba, bai kuma manta cewa kullum da safe ta mahaifinta ake kira, sai tasa ta biyo baya. Ta cire ɗaya daga lambar dattijon, ta koma ofis. Tun daga ranar, duk wanda ya zo mata da maganar kakansa ko kawunsa, kafin ya gama gaisuwa za ta tambaye shi lambarsa nawa. Nan sunan ya samo asali, ita kuma ta karɓe shi hannu biyu.

Ƙungiya ba za ta yi amfani da wannan lokaci na jimami ta shafe abin da aka yi wa wannan baiwar Allah ba, domin ita kanta ba ta taɓa yarda a shafe komai ba. An ce ta dawo gobe, gobe ta zama wata, wata ya zama shekara. Wani babban jami'i ya ce mata gara ce ta cinye fayil ɗin, ta yi masa godiya, ta roƙi ya rubuta mata haka, ya sa hannu, ya buga hatimi. Bayan shekara biyu wanda ya gaje shi ya ce ai gobara ce ta ci shi, shi ma ta sa ya rubuta. Takan ɗaga wasiƙun biyu a taronmu, ta ce ita dai ba ta taɓa jin tuwon da aka ci sau biyu ba sai fayil ɗin babanta. Da suka gaji da ganinta, sai aka ɗauke bencin da ke bakin ƙofar. Washegari ta zo da kujerarta ta roba, ta kafa daidai inda bencin yake, tana gaida duk mai shiga da mai fita, tana tambayar lafiyar iyalinsa.

A shekara ta goma sha bakwai da fara wannan nema, wata ma'aikaciyar jinya ta sanar da ita cewa za a kwashe tsofaffin kwalaye daga ɗakin ajiya na wani tsohon asibiti a ƙona, kuma a cikinsu akwai littattafan asibitin sansani na zamanin yaƙin. Kwana shida marigayiya ta yi a ɗakin nan, da ƙyalle a hanci, tana bin layi layi da ɗan yatsa. A littafi na tara ta ga lambar. An rubuta sunan ba daidai ba, kamar yadda aka saba, amma lamba ba ta canza ba. Aikinsa: mai ɗauko waɗanda suka ji rauni. Abin da ya kawo shi: harbi a ciki. Ranar rasuwarsa ta riga ranar da aka ce ya gudu da kwana goma sha ɗaya. Ma'aikaciyar ta shaida mana cewa Goggo ta cire tabarau, ta nemi ruwa ta sha, sannan ta ce, "Inna ba ta yi ƙarya ba." A lokacin mahaifiyar tata ta shekara ashirin a ƙasa.

Shekara tara ke nan tana neman a gyara kalma ɗaya tak a rajistar soja, a goge "ya gudu" a rubuta "ya rasu a bakin aiki". Amsar da take samu ita ce littafin asibiti ba ya cikin takardun da ofishin ya amince da su. Duk da haka ba ta tsaya a kan nata kaɗai ba. Falonta ya zama ofishinmu tun ba mu da ofis, kuma a kan teburin cin abincinta iyalai ɗari biyu da goma sha uku suka gano inda nasu suka yi aiki, da inda suka faɗi. Ita ta koya mana mu nemi suna ta duk hanyar da baƙon kunne zai iya lanƙwasa shi, kada mu miƙa wa kowa takarda ta asali, kada kuma mu bar gaban teburin akawu sai an buga mana hatimi a kan kwafi. Mai sa hannu a wannan takarda yana cikin waɗanda suka amfana: ya zo mata da rabin suna da labarin da kakarsa ta ba shi, ta yi masa faɗa kan zuwa ba biro, bayan wata takwas kuma ta miƙa masa lambar kabarin kakansa.

Muna sanar da jama'a cewa ranar Juma'a, kwana biyu da rasuwarta, wasiƙa ta iso gidan daga ofishin adana takardun. Layi uku na farko ta'aziyya ce, mun kuma karɓa, Allah Ya ba da lada. Layi na huɗu ya ce tun da mai ƙorafi ta rasu, an rufe maganar. Wasiƙarta ta ƙarshe wata bakwai ta yi ba amsa, amma wannan wasiƙar tasu kwana biyu kawai suka ishe ta. Kwamitin Zartarwa, da amincewar iyalan marigayiya, yana cewa da babbar murya: ba mu yarda ba, ba za mu yarda ba. Wanda aka yi wa ƙazafi ba Goggo ba ce, mahaifinta ne, soja mai ɗauko 'yan uwansa daga cikin wuta, kuma jininsa bai ƙare a doron ƙasa ba. Babbar 'yar marigayiya, wadda ungozoma ce, ta riga ta sa hannu a sabon ƙorafi a matsayin jikarsa, ƙannenta uku sun sa nasu a ƙasa, littafin asibitin kuma yana hannun lauyar ƙungiya.

Ita babbar 'yar ta gaya mana cewa ana jibi za ta rasu, mahaifiyarta ta kira ta, ta riƙe mata hannu, ita kuma ta sunkuya tana zaton wasiyyar gida za a yi mata. Sai Goggo ta ce, "Idan na tafi za su ce magana ta mutu. Ki je ranar Litinin, kada ki bari su sha iska."

Ga 'ya'yanta da jikokinta da surukanta, muna miƙa ta'aziyyarmu, muna roƙon Allah Ya ba ku haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya haɗa kanku, Ya ƙara muku irin taurin zuciyarta a kan gaskiya. Allah Ya jiƙanta, Ya gafarta mata, Ya haskaka makwancinta, Ya sada ta da mahaifiyar da ta gaskata da mahaifin da ba ta san fuskarsa ba sai a hoto.

Ga mambobi kuma, haɗuwa ranar Litinin da ƙarfe tara na safe a ƙofar ofishin adana takardun. Ba ihu, ba zagi, ba taɓa kowa. Za mu raka jikar sojan ta miƙa takardarta, za mu tsaya har a buga mata hatimi, kuma idan aka ce ta dawo gobe, goben ma da mu za a yi.

Sa hannu:
Sakataren Yaɗa Labarai kuma Kakakin Ƙungiya,
a madadin Shugaba da Kwamitin Zartarwa,
Ƙungiyar Magadan Tsofaffin Sojoji.