Gawon da Ya Kaɗe Ganye da Wuri

Agiye, 29 ga Mayu, 2023

Mas'ud, matarka Lubabatu ta haihu! Namiji ne, jiya Lahadi da hantsi, kuma daga ita har shi lafiya lau. Ka yi haƙuri, ɗana, na sa labari gaban gaisuwa. Malamin da ya koya mana rubutu a ajin manya na yamma ya ce da sallama ake buɗe wasiƙa, to yau hannuna ya ƙi jira.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka a can dajin zinariya. Tunda ba rezo a wurinku, waya ba ta shiga, direban da ke kai muku hatsi zan ba takardar nan.

Shekara bakwai muna jira, yau ga wanda zai ƙwace mini innarka ya iso. Tun jiya ba ta dube ni ba, ko furata sai da na roƙa. Da yake matarka ba ta da uwa a raye, innarka ce ke yi mata wankan jego, kuma mun mai da ita ɗakin da ke ƙarƙashin gawo don ya fi kusa da murhu.

Suna Lahadi mai zuwa. A gindin gawon za mu shimfiɗa tabarmi, ko da yake bana ba inuwa, tun farkon azumi ya kaɗe ganyensa. Abokina Nomau ya zo barka, maimakon ya zauna sai ya ɗauki ƙotar gatari yana ƙwanƙwasa iccen, wai yana jin amo kamar na ganga, wai in kira mutanen gandun daji su duba. Na ce masa tsufa ya fara taɓa masa kunne. Wa bai san halin gawo ba? Da damina sauran itatuwa su yi ganye shi ya tuɓe, da rani su bushe shi ya yi kore. Na ce ƙanshin ruwa ya jiyo da wuri, alamar damina mai albarka ce. Ya ce to ina ɗiyan gawon da awakina suka ci bana? Na ce ya sha furarsa ya ba ni wuri.

Innarka na gaishe ka. Ka kwantar da hankalinka, amanarka tana hannuna.

Ni ne mahaifinka,
Labo

Agiye, 6 ga Yuni, 2023

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya. Yaron lafiyarsa ƙalau. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran.

Ran Juma'a bayan la'asar hadari ya haɗu daga gabas. Iska ta riga ruwa zuwa. Gawon ya tsage daga inda ya rabu biyu, rabinsa ya faɗa kan ɗakin Lubabatu. Tana ciki. Yaron yana hannun innarka a rumfa, ta fito da shi za ta sa masa kwalli.

Ina zaure lokacin. Na ji ƙarar, na shigo, na tsaya. An ce mini na daɗe a tsaye. Ni ban sani ba.

Maƙwabta suka taru za su janye reshen gaba ɗaya. Nomau ya hana, ya ce in aka ja shi sauran ginin zai rufto mata. Ya sa aka kawo gwafanni huɗu aka tokare reshen, aka riƙa saran ƙananan rassa daga baki ana fitarwa ɗaya bayan ɗaya, ruwa na dukan mutane. Sai da aka buɗe kafa sannan mutum biyu suka shiga suka ɗauko ta a kan ƙyauren ɗakin. Ni an ba ni igiya na riƙe. Har aka gama ban san abin da igiyar ke ɗaure da shi ba.

Ta karye a cinya, kuma azara ta buge ta a kai. Daga asibitin nan aka wuce da ita Maraɗi. Ƙanwarka ce ke jinyarta. Har jiya da ta kira, ba ta buɗe ido ba. Likita ya ce a jira.

Ran Asabar ma'aikacin gandun daji ya zo. Rabin da ya rage ya karkata wajen rumfa, ya ce ba za a ƙara kwana a gidan ba sai an sauke shi. Ya rubuta takardar izini nan take, ya kawo masu hawa biyu. Daga sama suka fara. Kowane reshe sai sun ɗaure shi da igiya kafin su sare, a sassauto shi a hankali har ƙasa. Yini guda suka yi. Da suka iso gindi na leƙa. Cikinsa rami ne, cike da jar ƙasar gara. Itacen kirki da ya rage kewaye bai fi faɗin tafin hannuna ba.

Ma'aikacin bai yi mini faɗa ba. Ya nuna mini ɓawon da ya ɗaye, da tsagar da ta daɗe a mararrabar rassan, ta yi baƙi. Ya tambaya ko mun yi haƙa kusa. Na nuna masa ramin salga da muka gina shekara uku da suka wuce, inda muka datse manyan saiwoyi biyu. Ya ce ga wannan, ga ƙarancin ruwa, iccen ya daɗe yana mutuwa a tsaye. Gawo mai rai, in ji shi, yakan jira hadari kafin ya tuɓe. Wanda ya kaɗe tun zafi bai kankama ba, bai kuma yi ɗiya ba, ba hali ba ne, ciwo ne. Na ce to.

An yi suna ran Lahadi a zauren Nomau. Hamidu aka sa masa. An yanka rago, an raba goro, ana ta yi mini barka da jaje a baki ɗaya, ina amsawa. Matar ɗan Nomau tana goyo, ita ke shayar da shi.

Ina ci in an ba ni. Ina salla. Ban yi kuka ba, ban ji tsoro ba, ban ji komai ba. Innarka ta miƙo mini yaron sau biyu, na ce hannuna da datti. Nomau kullum sai ya zo ya zauna kusa da ni, bai taɓa tuna mini maganar ƙotar gatari ba. Da ma ya tuna.

An faɗa mini, ban ji ba, kuma ni na sa ta a ɗakin. Na rubuta don ka ji daga gare ni, kada ka ji a bakin direba.

Mahaifinka,
Labo

Agiye, 24 ga Yuli, 2023

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Saƙonka ya iso, cewa ruwa ya ɓata hanya sai ƙarshen wata za ka samu mota. Ka ce ƙaddara ce, kada in sa abin a raina. Na karanta sau da yawa. Ban iya ba ka amsa ba sai yau.

Ka riga ka ji ta farfaɗo a kwana na tara. Sati biyu ke nan da aka sallamo ta. Tana ɗakin innarka. Tun da ta dawo ban shiga na gaishe ta ba. Innarka na cewa kunyar suruka ce ta yi mini yawa. Ba ita ba ce.

Gero ya kai gwiwa, ban je gona ba, ƙannenka ke noma. Aikina in zauna kan kututturen gawon. Wani lokaci Nomau ya ja ni mu zaga unguwa yana ƙwanƙwasa itatuwan mutane, mata na cewa ga likitocin bedi, wato dogon yaro, sun fito. Mun samu guda biyu masu amon ganga, an kira mutanen gandun daji an rage su.

Jiya da hantsi ina zaune kan kututturen sai na ji ƙarar sanda. Lubabatu ce ta fito, Hamidu a kafaɗarta, innarka na biye da ita tana salati, ta ƙi a riƙe ta. Taku goma sha huɗu ne daga ƙofar zuwa inda nake, na ƙirga. Ka san yarinyar nan shekara bakwai ba ta taɓa haɗa ido da ni ba, in za ta gaishe ni daga nesa take durƙusawa. Jiya ba ta iya durƙusawa. A tsaye ta ce, Baba, a riƙe mini shi, ƙafata ta gaji. Kafin in ce hannuna da datti ta ɗora mini shi a cinya ta juya.

Mas'ud, yaron nan nauyi gare shi. Ya kama gemuna ya ƙi saki, sannan ya jiƙa mini riga tun daga ciki har gwiwa. Innarka ta ce maganina ke nan. Na buɗe baki zan rama, sai kuka ya zo. Na daɗe ina yi, a gaban mata, ban ji kunya ba.

Ka zo. Kada ka tsaya sayen tsaraba. Ka biya Gidan Rumji ka ɗauko gwaggonka, ka gaya wa kawunnan matarka, kowa ya taho. Lubabatu ta ce ranar da ka iso har zaure za ta taka ta tarbe ka, taku talatin ne da ɗaya, na auna yau da safe. Ku zo ku gani da idonku.

Ni ne mahaifinka, kakan Hamidu,
Labo