Kwale-kwalen Baba Ya Nutse

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Mu nan Bunkure lafiya, sai ƙafar Inna da ke tashi jefi-jefi.

Yaya, kwale-kwalen Baba ya nutse, kuma laifina ne. Marigayi bai taɓa ɗaure shi a turke ba. Tsohon dutsen niƙa yake ɗaura wa igiyarsa ya jefa cikin tafki, ya saki igiya da tsawo, don in an sako ruwan kanal jirgin ya taso tare da ruwan. Ni kuwa ranar Laraba ina saurin zuwa ɗiban tumatir, na ɗaure shi tamau a turke kamar akuya. Da hantsi aka sako ruwa, igiya ta riƙe gabansa, ya cika ya yi ƙasa. Muna jawo shi ya tsage biyu.

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi in kawo mata katakon da Baba ke zama a kai. Da ma faɗan ta yi.

Ka yafe mini, ka sa mu a addu'a. Gai da yara.

Ƙaninka,
Habu