Vitéz Ya Ƙi a Gabana

Litinin, 4 ga Maris
Likitar dabbobi Orsolya ta ce ƙari ne a marainan karena Vitéz, dole a fiɗiye shi ranar sha biyar ga wata. Kafin nan za a ɗebi maniyyinsa a daskarar, in ba haka ba irinsa ya ƙare ke nan. Duk lardin nan babu karen farauta kamarsa, ni na san abin da na raina.

Laraba, 6 ga Maris
An ɗebi jini. Ba wanka da ruwan zafi, ba kwanciya kusa da murhu, ba gudu mai yawa. Ákos, mijin 'yata, ya zo wai taya ni. Mutumin da ko bindiga bai iya riƙewa ba! Amma da jin motarsa Vitéz ya bar ni da igiya a hannu, ya je yana birgima a ƙafarsa. Ni bai taɓa yi mini birgima ba. Haushi kamar in mutu.

Juma'a, 8 ga Maris
Gwajin farko. An kawo karya mai neman barbara don ta motsa shi. Ya shinshina ta, ya juyo ya kalle ni, ya zauna daram. Muka yi ta jira, shiru.
Likita ta tambaya ko ina hana shi bin karya a daji. To da fa? Tun yana ɗan kwikwiyo. Kare mai bin mata ai ba ya kawo fakara. Ta ce to shi ke nan, izinina yake jira, kuma ya san ba na bayarwa. Wai ran Talata in tsaya a waje, wanda kare ke sakewa da shi ya shiga. Na san wa take nufi.

Asabar
Matata Piroska ta ce kishi nake da yaron mutane a kan kare, da furfurata. Na ce miyarta ta yi gishiri.

Lahadi, 10 ga Maris
Na kama Ákos yana ba shi tsiren alade ta ƙarƙashin tebur. Ga sirrin soyayyar ke nan, cin hanci! Ni na ɗauko karen nan a kafaɗa daga cikin fadama da ƙafarsa a karye. Wa ya tuna?

Talata, 12 ga Maris
Dama ta ƙarshe. A bakin ƙofa na ce ni zan shiga, kare nawa ne. Ákos bai yi musu ba, ya miƙo mini igiyar.
“Baba, ni yana wasa da ni ne kawai. Kai kuwa maganarka yake ji.”
Vitéz na zaune yana kallon bakina, jelarsa ko motsi. Na mayar wa Ákos igiyar, na koma mota na rufe gilashi don kada ya ji ko tarina.
Ba a daɗe ba Orsolya ta leƙo tana dariya. An samu, mai kyau, zai daskaru. Da ni aka yi shekaru, da wani aka yi wannan.

Lahadi, 17 ga Maris
An yi aikin, ya dawo yana ɗingishi. Ya hau kujerata, abin da ya san haramun ne, ya tsaya yana kallona yana jiran in ce sauka. Na zauna a kan benci. Ragowar tsiren da ya ɓata a kicin, Piroska na zargin Ákos. Ni da Vitéz kaɗai muka san wanda ya miƙa masa.