Kafin Biyu ga Zulhajji

Mansur, Makka
9 ga Rajab

Zuwa ga Yayata Kabira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya ke da Malam da yara, musamman jaririyarki Khalida. Yaya ciwon bayan? Mu nan unguwar Mansur lafiya lau, sai gajiyar jira.

Hoton Hafizu ya iso. Yaya, wa ya yi masa wannan askin? Sun bar masa kunnuwa a waje kamar hannun tukunya. Na yi dariya har dariyar ta koma kuka. Ki gode mini wa matan gidan marayun, amma ki ce su daina sa masa rigar da ta fi ƙarfinsa.

Kin tambayi inda aka kwana. Kotu a Kano ta ba mu riƙonsa tun bara, wannan kin sani. Saura izinin shigo da shi ƙasar nan. Wata goma ke nan fayil ɗinmu yana ofis, da fasfona a ciki. Duk Lahadi maigidana Mukhtaru sai ya je, duk Lahadi a ce ya dawo wani makon. Sun kuma ce ranar da na karɓi fasfona an rufe fayil ke nan, sai a faro daga farko.

Ga abin da na ɓoye miki. Wata uku ina shan maganin likita da hulba, ina zama da injin tatsar nono sau shida a rana. Ranar Talata nono ya zo. Ɗigo huɗu ne kawai, amma bayan shekara goma sha ɗaya ba haihuwa, sujada na yi a tsakiyar kicin. Malaman nan sun ce in ya sha nonona ya ƙoshi har sau biyar kafin ya cika shekara biyu, ya zama ɗana na shayarwa. In bai sha ba, ranar da ya balaga sai in riƙa neman mayafi in ya shigo ɗaki. Ni in wanke masa kashi, in yi jinyar haƙorinsa, sannan in rufe kai a gabansa kamar baƙo? Wallahi ba da ni ba. Takardarsa ta ce ashirin ga Yuni aka haife shi, don haka da sauran lokaci.

Surukata Hajiya Ɗaso ta ce na cika mata gida da warin hulba, ta ce tunda Allah bai ba ni ba in haƙura. Na durƙusa na ce mata Allah ya riga ya ba ni, ofis ne ya riƙe.

Ki gaida kowa. Ki shafa mini kansa.

Ƙanwarki,
Rumaisa

Mansur, Makka
6 ga Shawwal

Yaya Kabira,

Assalamu alaikum. Barkanku da shan ruwa, an yi Sallah lafiya? Yaya Malam, yaya Khalida da haƙori?

Na karanta wasiƙarki sau uku, na biyun da fushi. Na san don Allah kika ce ke ki shayar da shi tunda kina da goyo, ni in zama innarsa ta nono, mayafi ya faɗi. Na gode. Amma ba na so. 'Ya'yanki biyar, Yaya, duk inna suke ce mini, 'ya'yan maƙwabta ma haka. Na ƙoshi da zama inna. Wannan ɗayan ki bar mini.

Kin ce Malam ya ce a wajenmu can gida sau ɗaya ya isa, har akwai rangwamen wata biyu bayan shekara biyun. Ban musa wa Malam ba. Sai dai a nan yaron zai girma, cikin mutanen da ke ƙirga biyar. Ba zan bar ƙofar da wata za ta kalle shi a gidan biki ta ce ai ba muharraminta ba ne.

Azumi ya rage mini nonon, na tsorata. Sai na riƙa tafiya Harami bayan la'asar, in sha zamzam da an sha ruwa, in faɗa wa Ubangijina ba ni da wani gata sai shi. Yanzu ina cika rabin kofin shayi.

Kayan Sallar da na saya masa bara suna nan a leda, sun riga sun yi masa kaɗan. Mukhtaru ya ga ina ninke su, ya fita, ya dawo da wasu manya. Haka yake, bakinsa ba ya aiki sai hannunsa. Ya samu tuƙin motar alhazai a Arfa bana, yana cewa bayan Hajji ofis zai motsa. Sunan mahaifin yaron kuwa, marigayi Abdulbaƙi, yana nan a takarda, ba za mu taɓa shi ba.

Ki yafe mini kaifin baki.

Taki,
Rumaisa

Mansur, Makka
24 ga Zulƙida

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri, gaisuwar yau gajera ce.

Mun yi kuskure, ni da ke da Mukhtaru. Shekaranjiya muna tsince shinkafa, Hajiya Ɗaso ta tambaye ni ranar haihuwar yaron. Na ce ashirin ga Yuni. Ta ajiye faranti. Ta ce ita ba ta san Yuni ba, amma Babbar Sallar shekarar da aka haife shi jikarta Haifa ta karanta mata ashirin da takwas ga Yuni a kalanda. Ta ƙirga da yatsu, baya-baya, ta tsaya a biyu ga Zulhajji. Ta ce shekarar shayarwa da wata ake ƙirga ta, ba da kalandar asibiti ba. Kwana ashirin da biyu muka yi wa kanmu ƙari, Yaya. Ina zaune a Makka, ina ganin wata yana tsayawa, amma na bi lissafin takarda.

Ban sani ba ko don ta karya mini gwiwa ta faɗa. Ban tambaye ta ba. Na tashi na sa abaya.

Mukhtaru ya tare ni a ƙofa, ya ce wata goma sha huɗu muka yi a layin nan, in na janye sun tafi a banza. Na ce masa takarda ana sake rubuta ta, amma biyu ga Zulhajjin nan in ya wuce ya wuce. Sai ya ɗauko mabuɗin mota.

Ma'aikacin ya tambaye ni sau uku ko na fahimci za a rufe fayil. Na ce na fahimta tun a na farko. Ya rufe, ya miƙo mini fasfona.

Jibi zan taso. Duk duniya tana shigowa Makka, ni ina fita. Da safen nan na tarar da ƙullin hulba da farar jallabiya ƙarama a kan akwatina. Hajiya ta ce ba ta san wanda ya ajiye ba.

Ki tare ni a filin jirgi, daga can gidan marayu za mu wuce.

Rumaisa

Kano
1 ga Zulhajji

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da kewa, ina fata kana lafiya, da Hajiya da kowa na gida. Yaya zirga-zirgar alhazai? Ka riƙa shan ruwa, na san halinka.

Bai san ni ba. Ranar farko da na miƙa hannu ya kwarara ihu, ya ɓuya bayan mai renonsa. Na fita waje na yi kukana, na share fuska na dawo. Kashegari ya karɓi nonona a kofi, a hannun Yaya, ni kuwa yana hararata. Na biyu da na uku da na huɗu a hannuna ya sha.

Yau da hantsi ina zaune a tabarma, ya tako da kansa, ya hau cinyata, ya kama. Ya sha har barci ya ɗauke shi, hannunsa riƙe da ɗan kunnena. Biyar ke nan. Yaya da shugabar gidan sun shaida, sun sa hannu. Ka faɗa wa Hajiya jallabiyar ta yi masa daidai, kuma lissafinta ya fi na ofis.

Bayan Hajji ka koma ka buɗe sabon fayil. Su riƙe shi wata goma sha huɗu ko arba'in, yanzu ba abin da za su iya ƙwacewa. Amma kada ka aiko mini da tikitin mutum ɗaya, don ba zan hau ba.

Ka yi mana addu'a a Arfa, mu uku.

Matarka,
Maman Hafizu