Na'urar da Ta Ƙi Idona

Zuwa ga matata, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna, ta daina kumburin? Ni ma ga ni nan, da sauƙi dai.

Shekara ta huɗu ke nan rabona da gida, ban taɓa ɗaukar biro na rubuto miki ba sai yau, don maganar ta ƙi fita ta waya. Na sha kiranki da niyyar faɗa, sai in ɓige da tambayar ko an gyara rufin ɗaki.

Kin sha yi mini tsiya wai aikina kallon hoto. Gaskiyarki. Ɗaki ne marar taga a ƙasan asibitin da nake aiki, muna jere kowa da kwamfutarsa. Hotunan cikin idon marasa lafiya ake turo mana, mu zagaye duk inda muka ga tabo. Da wannan ne na'urar nan mai ƙirƙirarriyar basira take koyon gane cuta. Mun san ranar da ta ƙware, ranar za a nuna mana ƙofa. Dogo, wanda ke zama kusa da ni, magajiyarmu yake kiranta.

Watan jiya aka ce ana neman hoton idanu masu lafiya, mu ma'aikata mu ba da namu. Muka yi layi ana ta raha. Na kowa ya wuce, nawa na'urar ta ƙi karɓa. Dogo ya ce ai ko ita ta san idon nan ya yi kalle-kalle a zamaninsa. Na yi dariya, na ce hoton ne bai fito ba. Amma washegari na hau sama wajen likitar ido.

Hawan jinin ido ne. Ba ya zafi, a hankali yake cin gani daga gefe, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Na dama ya yi nisa. Ta tambaye ni ko akwai wanda ya makance a gidanmu. Na tuna Baba yana laluben bango, mu muna cewa tsufa ne.

Tsoro nake ji, wallahi. A hanya nakan rufe ido ɗaya in gwada ɗayan, kamar wani mahaukaci. Likitar ta ce sirrina ne, ba za ta kai wa ofis ba. To amma da wannan idon na yi ta koya wa na'urar, ban san tabo nawa suka wuce ni ba. Ƙananan asibitoci za a kai ta, inda babu likitan da zai sake dubawa. In na yi shiru, abin da ban gani ba ita ma ba za ta gani ba. In na faɗa, wa zai riƙe mai kallon hoto da ido ɗaya?

Kada Inna ta ji. Ki taya ni addu'a.

Mijinki,
Baban yara

Zuwa ga matata,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wuni lafiya, da Inna da yara. Saƙonki ya iso, kuma na ji faɗan. Na cancanci faɗan.

Na faɗa musu a ofis. Oga, shugabanmu, bai tambayi yadda idon yake ba, tun yaushe kawai ya tambaya. Ya yi mini ciwo, amma da ni ne a kujerarsa abin da zan fara tambaya ke nan. An kwaso aikina duka an raba wa abokai su sake bi. Sun samu kurakurai. Ba su da yawa, amma akwai su, kuma kowane ɗaya idon wani ne. Dogo yana bin nawa yana mita, wai ko makanta sai na ɗora masa.

Ba na son na'urar nan, ba kuma zan so ta ba. Amma ita ta hango abin da ni mai idon ban sani ba, har aka ceci na hagu, in Allah ya yarda. Magani zan riƙa ɗigawa safe da yamma har ƙarshen rayuwata.

An ɗauke ni daga hotuna, yanzu marasa lafiya nake rakawa ɗakin ɗaukar hoton ido. Ko za su sabunta mini aikin, babu wanda ya ce uffan. Kullum in na shigo sai na kalli fuskar Oga.

Ki matsa wa ƙanena direba ya je a auna masa ido, abin yana bin jini. In ya ce lafiyarsa ƙalau, ki ce ni ma haka na ce.

Sai roƙo ɗaya. Ki kai yara a ɗauke su hoto, kowa shi kaɗai, fuska kawai, babba. Auta ma da ban taɓa gani da haƙori ba, a sa ta dariya. Kada ki jira sai an yi musu ɗinki. Ki aiko a makon nan.

Ki gaishe da Inna da kowa da kowa.

Naki,
Baban yara